Iri, Reshe Ko Kwalba: Da Wanne Za A Dasa Gonar Itacen Turare?

Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci a Aboabo ta Kumasi, kawuna ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. Hoto ne na wasu 'yan tsirrai kore shar a cikin kwalabe, an jera su a kanta ƙarƙashin fitila. A ƙasan hoton mai talla ya rubuta cewa wannan itacen turare ne na zamani da aka rena a ɗakin gwaje-gwaje, ba ya ciwo, ba ya jinkiri. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, ya yi shekara da shekaru a hanyar Ejura yana sayo masara da wake, kuma a can ya samu fili eka shida da yake son zuba wa itatuwa, tunda tsufa ya fara leƙowa.

"Ɗana, kai ne ka yi karatun gona. Wannan na kwalbar zan saya, ko iri zan nema in shuka kamar kowa?"

Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana biyu. Wannan ba maganar bakin masallaci ba ce."

Abin da na koma na shimfiɗa masa a zaure shi ne nake rubutawa a nan, domin na lura ba shi kaɗai ba ne. Daga Asawase zuwa Sabon Zango akwai masu ɗan jari da suka fara tunanin ajiye kuɗinsu a itace, kuma kowa ya ga irin wannan hoton sai ransa ya biya.

Da farko a san itacen. Turare, wanda wasu 'yan uwanmu na Najeriya ke kira zaiti, masana kuma ke kira Eucalyptus, baƙo ne a Afirka. Asalinsa Ostareliya, kuma nau'o'insa sun haura 700. Waɗanda suka shafe mu ba su da yawa. Akwai camaldulensis da tereticornis masu jure fari, su ne aka fi gani a arewacin Gana, da Kano, da Yamai. Akwai grandis, dogo miƙaƙƙe mai saurin girma, sai dai yana son ruwa da ɗan sanyi, kuma cuta na saurin cin masa a ƙasa mai zafi da laima. Akwai urophylla daga tsibiran Timor da Flores da maƙwabtansu, wanda ya fi jure irin wannan cuta. Sannan akwai waɗanda aka haɗa aure tsakaninsu, kamar grandis da urophylla, ko grandis da camaldulensis, don ɗan ya ɗauko miƙewar wannan da juriyar wancan. Duk wanda ya ce maka yana sayar da "turare" bai iya faɗin wanne ba, ya riga ya ba ka rabin amsa.

Hanyoyin samun dashe uku ne: shuka iri, kafa yankan reshe, da reno a kwalba.

Iri shi ne mafi araha, nesa ba kusa ba. Ƙwayar irin turare ƙanana ce ƙwarai, kamar ta taba, kilo ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan dubbai. Idan aka bar mita 3 tsakanin itace da itace ta kowane gefe, eka ɗaya na cin itace kusan 450, hekta kuma 1,111. Wato filin Kawu gaba ɗaya bai wuce itace 2,700 ba, a ce 3,000 har da na cike gurbin waɗanda za su mutu. Irin da zai ba da wannan adadi bai cika ƙaramin kofin shayi ba. Ana gauraya shi da lallausan yashi a barbaɗa a kan ƙasar reno, a yi masa inuwa, a riƙa yayyafa ruwa a hankali. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya tsiro. Idan ya yi 'yan ganyaye sai a tsige a mayar cikin leda ɗaya-ɗaya, bayan wata uku zuwa huɗu ya kai dasawa. Babu buƙatar lantarki, babu inji. Babban abin da ke kashe shi a wannan mataki yawan ruwa ne, ya ruɓar da gindin tsiron ya kwanta. Yaro mai hankali da rijiya sun isa.

To ina matsalar? A nan ne karin maganar barewa da ɗanta ba ta cika aiki ba. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke yi wa furen turare barbara, suna ɗauko garin fure daga wancan itace su kai wa wannan. Ka san uwa, ba ka san uba ba. Shi ya sa gonar da aka dasa daga iri take kama da ajin makarantar allo: ga dogo, ga gajere, ga mai gantsarwa, ga wanda ya rabu biyu tun daga ƙugu. Idan kuma itace ɗaya tilo ne a bakin hanya ka je ka kakkaɓo irinsa, abin ya fi muni, domin mai yiwuwa kansa ya yi wa barbara, kuma 'ya'yan irin wannan sukan fito raunana.

Amma kada a ɗauka duk iri ɗaya ne. Tun shekarun 1960 aka yi gwaje-gwaje a arewacin Najeriya, ciki har da Afaka kusa da Kaduna, inda aka shuka camaldulensis da aka ɗebo daga yankuna daban-daban na Ostareliya. Suna ɗaya, nau'i ɗaya, amma irin da ya fito daga Petford da Katherine, yankunan da ke da damina da rani kamar namu, ya bar na kudancin ƙasar a baya da tazara mai nisa. Ke nan iri mai asali, wanda aka san inda ya fito ko aka tara daga gonar zaɓaɓɓun iyaye, daban yake da irin da aka share daga ƙarƙashin itacen bakin titi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne in aka raba shi a kan itace 3,000. Bambancin amfaninsu kuwa sai ranar sara ake ganinsa.

Yankan reshe kowa ya san shi daga rogo. Ka yanki sanda ka kafa, abin da ya fito shi ne uwar sak, ba ƙari ba ragi. Masu harkar suna kiran irin wannan zuriya kulon. Wahalar ita ce turare ba rogo ba ne: reshen babban itace ba ya yarda ya yi saiwa. An daɗe ana fama da wannan kafin a gane dabarar a shekarun 1970, a Pointe-Noire ta ƙasar Kwango da kuma Birazil. Dabarar ita ce a sare zaɓaɓɓen itacen, a jira kututturen ya yi toho, domin wannan sabon tohon yana da halin ƙuruciya, yana yin saiwa. A Birazil larura ce ta kai su ga haka. Wata cutar gyambon ɓawo ta afka wa gonakin grandis, sai kamfanin Aracruz ya bi gonaki yana zaɓar itatuwan da suka tsaya lafiya a tsakiyar marasa lafiya, ya riƙa yaɗa su ta reshe. Daga nan harkar ta sauya, har yau a can ana sare gonar turare tana da shekara shida zuwa bakwai.

A shekarun 1990 aka ƙara gyara hanyar. Maimakon a riƙa zuwa daji neman kututture, sai a jera ƙananan iyaye a kwamin yashi cikin gidan reno, ana ba su ruwa da taki, ana tsinkar 'yan tohonsu masu tsawon yatsa lokaci-lokaci. A rage ganyen, wani lokaci a tsoma gindin a garin sinadarin fitar da saiwa, a kafa a cikin rumfar leda mai feshin ruwa kamar raɓa. Cikin 'yan makonni saiwa ta fito. Wannan ita ce hanyar da manyan kamfanonin itace na duniya ke samar da mafi yawan dashensu. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Sai kwalba, wadda ita ce ta ɗauke hankalin Kawu.

Tunanin ya tsufa. Tun 1902 wani masanin tsirrai mai suna Gottlieb Haberlandt ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar halittar tsiro guda ɗaya na iya zama cikakken tsiro in ta samu abin da take bukata. A 1962 wasu masana biyu, Murashige da Skoog, suka fitar da haɗin abincin da har gobe shi ne aka fi amfani da shi. Yadda ake yi da turare kuwa, ana yanko ɗan guntun toho mai ido ɗaya, a wanke shi da sinadarin bilic mai rauni don kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikinsa, a ɗauraye da tsarkakakken ruwa, sannan a kafa shi a kan abincin da ke cikin kwalba. Abincin nan gishirin taki ne iri-iri, da bitamin, da sukari wajen giram 30 a lita ɗaya, an daskarar da shi da wani abu da ake samu daga ciyawar teku har ya yi kamar agidi. Kafin a yi amfani da shi sai an turara shi a tukunya mai matsi a zafin digiri 121 na kimanin minti 15 zuwa 20. Duk aikin yanka da dasawa ana yin sa ne a gaban wata na'ura mai hura tatacciyar iska. Kwalaben kuma suna zama a ɗaki mai sanyin kusan digiri 25, da hasken fitila awa 16 a rana.

A cikin abincin akwai sinadarai biyu da ke juya akalar tsiron. Ɗaya, wanda ake kira BAP, yana sa idon ya fashe da toho da yawa. Bayan mako uku zuwa huɗu a fito da su, a rarraba, a sake dasawa a sabbin kwalabe. A ce kowane toho yana ba da uku a kowane zagaye: zagaye shida ya zama 729, zagaye takwas 6,561, duk daga guntu ɗaya. Idan an samu adadin da ake so sai a mayar da su kan abinci mai ɗaya sinadarin, IBA, wanda ke fitar da saiwa. A takarda abin kamar tsafi.

A zahiri turare na da taurin kai a kwalba. Wurin yankan yakan fitar da wani ruwa da ke baƙanta abincin ya kashe guntun, irin yadda yankakkiyar doya ke sauya launi, don haka sai an riƙa sauya masa kwalba a farkon kwanaki ko a sa abin da zai tsotse dafin. Guntun da aka ɗebo daga fili yakan zo da fumfuna ko bakteriya a ɓoye a cikin jikinsa, bayan mako biyu ka ga kwalba ta yi fari fat, sai zubarwa. Sukarin da ke ciyar da tsiron shi ke ciyar da su, kuma sun fi shi sauri. Wani kulon ya yi saiwa cikin sauƙi, wani ya ƙi ƙememe. Ga kuma lantarki. Mu da muka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 ba sai an yi mana bayanin abin da zai faru da ɗakin da ke rufe ruf, cike da kwalabe, idan na'urar sanyi ta tsaya a watan Maris ba.

Mataki mafi hatsari shi ne fitowa. Tsiron kwalba ɗan gata ne: bai san iska ba, bai san rana ba, ganyensa bai yi kakin da ke hana bushewa ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa da kyau ba, abincinsa ma a baki ake ba shi. Idan aka fito da shi aka ajiye a fili, cikin sa'o'i ya yanƙwane. Sai an wanke abincin daga saiwarsa, a dasa a ƙasa mai tsabta, a rufe cikin laima, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni har ya saba. Saboda haka abin da ke cikin hoton Kawu ba kayan gona ba ne tukuna. Wanda ya sayar maka da tsiro a kwalba ya bar maka aikin da ya fi wuya.

Akwai kuma bambancin da ya kamata mai saye ya sani. Idan daga idon toho aka yaɗa tsiron, yakan fito daidai da uwarsa. Amma akwai wata hanyar da ake sa guntun ganye ko kara ya fara yin wani dunƙulen tsoka marar siffa, sannan daga tsokar a sa sabon toho ya fito. Wannan ta fi wuya a turare, kuma tana iya jawo sauye-sauyen hali da ba a so. Masu bincike ne suka fi bukatarta, musamman masu sauya ƙwayar halitta. Wannan ya kawo ni ga tambayar da wani limami ya yi mini, ko itacen kwalba shi ne wanda aka sauya wa halitta. A'a. Reno a kwalba yaɗawa ce kawai. Turaren da aka sauya wa ƙwayar halitta daban yake, Birazil ta amince da irinsa na farko a 2015, kuma ba shi ake tallatawa a wayoyinmu ba.

Abin da na fi nanata wa Kawu shi ne wannan. Kwalba injin kwafi ce, irin na masu shaguna a bakin jami'ar KNUST. Idan takardar da ka ɗora tana da kyau, kwafi dubu za su fito da kyau. Idan akwai kuskure a layi na uku, duk dubun da kuskuren za su fito. Kwalba ba ta ƙara wa itace saurin girma, ba ta koya masa jure farin Ejura, ba ta hana gara cin saiwarsa. Tsiron yana fitowa da tsabta, gaskiya ne, amma tsabta ba rigakafi ba ce. Ranar da ya taka ƙasa, shi da ɗan reshen da aka yanko daga uwa ɗaya duk hali ɗaya gare su. Tambayar da ta fi "ta yaya aka yaɗa shi" nauyi ita ce "wace ce uwarsa, kuma a wace ƙasa aka gwada ta?"

To mene ne amfanin kwalbar, in haka ne? Amfaninta babba ne, amma ba a gonar eka shida ba. Idan aka gano wani gwarzon itace guda, kwalba ce ke ninka shi da sauri. Idan tsohon itace ne da reshensa ya daina saiwa, juya shi sau da yawa a kwalba na dawo masa da ƙuruciya. Masu bincike a Pune ta Indiya sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa ana iya tayar da tsiro daga turaren da ya shekara 20. Idan za a shigo da kulon daga wata ƙasa, shigo da shi a rufaffiyar kwalba ya fi aminci daga kwaso cuta, ko da yake sai da izinin hukumar killace tsirrai. Daga nan sai tsirran kwalbar su zama iyayen da ake jerawa a kwamin yashi ana tsinkar tohonsu. Wato kwalba ke haifar iyaye, reshe ke cika gona. Yankan reshe ya fi araha saboda ba ya bukatar tsarkakakken ɗaki, da sinadaran da ake sayowa daga waje, da ƙwararren hannu a kan kowane ɗan tsiro. A Kenya, shirin da aka fara a 1997 a Karura ya shigo da kulon daga kamfanin Mondi na Afirka ta Kudu, amma abin da ya isa hannun ƙananan manoma dashen reshe ne daga gidajen reno. Saboda haka sau da yawa abin da ake tallatawa da sunan "na kwalba" jikan kwalba ne. Wannan ba aibu ba ne, muddin ba a caje ka kuɗin kwalba ba.

Ba wai babu ilimin a ƙasar nan ba. A Fumesua, a kan hanyar Ejisu, Cibiyar Binciken Amfanin Gona tana renon doya da rogo da agade a kwalba, kuma a garin ne Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Gana, FORIG, take. A Kwabenya ta Ankara akwai cibiyar BNARI da ta yi suna a yaɗa abarba da agade ta wannan hanya. Ka lura da amfanin gonar da na lissafa: duk waɗanda ba a shuka su da ƙwaya ne, waɗanda cuta ke bin danginsu daga shekara zuwa shekara. A wurinsu kwalba tana warware matsala ta gaske. Turare kuwa yana da iri mai yawa, mai araha, mai ajiyuwa shekaru in an adana shi a busasshen wuri mai sanyi.

Ke nan ga mutum irin Kawu ainihin zaɓin tsakanin iri mai asali ne da kulon da aka gwada. A nan ne ya kamata a yi dogon tunani.

Kulon yana ba da gona kamar an jera sojoji: tsawo ɗaya, kauri ɗaya, ranar sara ɗaya. Ga mai sayar wa masana'anta wannan kuɗi ne, domin injin fere gungume don yin filawud yana son miƙaƙƙen gungume mai kauri daidai. Kamfanin Miro da ke da gonakin turare a wajajen Agogo da Drobonso irin wannan kasuwar yake yi, akwai kuma manyan gonakin turare a yankin Atebubu. Amma mai sayar da itacen girki, ko gawayi, ko sandunan tokare siminti a wurin gini, karkataccen itace ma kuɗi ne a wurinsa. Mai ƙona gawayi a Kintampo bai taɓa tambayar ko itacen ya miƙe ba.

Daidaiton nan kuma shi ne rauninsa. Gonar kulon ɗaya mutum ɗaya ne aka maimaita sau dubu: abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka. Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, Leptocybe invasa, da ke sa ƙwai a jijiyar sabon ganye ya sa ta kumbura, tsiron ya tsumbure. An fara lura da shi a Gabas ta Tsakiya wajen shekarar 2000, cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Camaldulensis da wasu haɗaɗɗunsa na cikin waɗanda ya fi yi wa ɓarna, kuma wasu kulon da ake yabo sai da aka daina dasa su saboda shi. A gonar iri, wasu za su kamu wasu su tsira, tunda kowa da halinsa. Shi ya sa masu hankali ba sa dasa kulon ɗaya, sai su raba fili kashi-kashi, kowane kashi da nasa.

Sai batun saiwa. Tsiron iri yana sakin saiwa guda mai nitsewa ƙasa tun yana ƙarami. Na reshe da na kwalba saiwarsu daga gefen yanka take fitowa, in ba ta fito ta kowane ɓangare ba, itacen na iya girma da kyau shekara biyu, guguwar farkon damina ta zo ta kwantar da shi. A ƙasar da rani ke tsawo kamar Ejura wannan abin dubawa ne. Sai dai tsiron iri ma in ya daɗe a leda saiwarsa kan naɗe kamar gammo, kuma ba ta warwarewa bayan dasawa. Kafin ka biya kuɗi, yaga leda biyu ko uku ka gani da idonka.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa: kada ka ce za ka sayi haɗaɗɗen kulon kaɗan ka jira ya yi 'ya'ya ka shuka. 'Ya'yan haɗaɗɗe warwatsewa suke yi, wani ya koma gidan uwa, wani gidan uba, da yawa su zama ba nan ba can.

Akwai hanya ta huɗu da ba ta cin ko sisi, amma sai bayan saran farko. Yawancin waɗannan nau'o'i suna toho daga kututture. In an sare ƙasa-ƙasa da kaifin zarto, aka bar ɓawon bai ɗaye ba, toho zai fito da yawa, sai a rage a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Ana iya cin gona sau biyu ko uku a haka kafin a sake dashe. Wannan ya sa zaɓin farko ya ƙara nauyi, domin abin da ka dasa bana shi za ka zauna da shi shekara goma sha biyar ko ashirin, da kyansa da muninsa.

Ko wanne aka zaɓa, abin da ya fi kashe gonar turare a shekara biyun farko ciyawa ce, da gara, da gobarar hunturu. Manyanmu ba su manta da wutar 1983 ba. Kulon mai tsada da aka bari a cikin tofa ba zai kamo irin araha da aka yi wa noma sau uku ba. Kuma turare mashayin ruwa ne, ba a dasa shi a bakin rafi ko kusa da rijiya, ba a kuma matsa shi jikin gonar maƙwabci.

Ga mu 'yan zango akwai ƙarin magana, tunda akasari a ƙasar sarautar Tonawa muke noma. Gyaran dokar katako na 2002 ya fitar da itacen da mutum ya dasa da kansa daga cikin waɗanda gwamnati ke ba 'yan kwangila izinin sara, amma wannan bai raba ka da mai ƙasa ba. Yarjejeniyar baki da ta isa noman masara na wata huɗu ba ta isa itacen shekara goma ba. A rubuta, a faɗi shekaru, a faɗi rabon kowa, a sa shaidu, sannan a je ofishin Hukumar Gandun Daji na gunduma a yi rajistar itatuwan don ranar sara da ɗauka.

Da na gama, Kawu ya ce in kira mai tallar a gabansa. Na tambaye shi sunan nau'in, ya ce na waje ne. Na tambayi lambar kulon ɗin, domin kowane kulon na gaskiya yana da lamba ko suna, ya ce zai duba. Na ce a ina ne akwai gonar da aka dasa shi ta kai shekara uku ko huɗu, mu je mu gani, kuma ƙasar wurin da ruwan samansa sun yi kama da na Ejura? Ya ce yana da hotuna. Na ce tsirran a kwalba za a kawo ko an riga an saba musu da rana? Daga nan layin ya fara ba shi matsala.

Ban ce duk masu sayar da kulon haka suke ba. Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi, ya kai ka gonar ka rungumi itacen da hannunka, kuma kana da mai sayen gungume a hannu, to ƙarin kuɗinsa ya halatta, ni ma zan saya. Wanda kuma yake son buɗe gidan reno ya riƙa sayar da dubban dashe duk shekara, shi ne ya kamata ya nemi iyaye daga kwalba, ya gina rumfar feshi, ya koyi yankan toho.

Kawu ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce eka ɗayan da ke gangaren rafi a bar wa masara. Eka huɗu a nemo musu iri mai asali ta hannun mutanen Fumesua, itace 1,800 ke nan, a shuka a watan Janairu don ya kai dasawa idan ruwa ya zauna a Afrilu ko Mayu. Ragowar ekar a raba ta uku, in an samu kulon uku masu lamba a dasa 150 na kowanne, a gani da ido wanne ƙasar za ta karɓa.

Na ce, "Kawu, saura abu ɗaya. Kun san wanda zai saya?"

"Itace ai ba ya rasa mai saye."

"Kafintocin Sokoban sun fi sabawa da katakon wawa da na tik. Turaren da ya yi saurin girma yakan tsage a baki in an yanka shi katako yana ɗanye, ba kowa ke so ba."

Ya mayar da wayar aljihu ya ce in zo ranar Litinin da sassafe, kafin cunkoson Kejetia, mu je Sokoban mu ji daga bakinsu.